Tauren Mama Firisila

Ni dai ban baro Kanada don in zo in yanka akuya ba. Hutun ƙarshen shekara na samu a asibitin da nake aikin gwajin jini, na ce bari in je gida in ga Inna, in ci masa da miyar taushe a inda aka iya yin ta, in kuma tsaya a kan kabarin Baba, wanda ya rasu ba na nan. Shekara kusan goma rabona da Jos. Na sauka ina hura hanci wai na fito daga ƙasar ƙanƙara, sai ga shi da asubar farko sanyin garinmu ya hana ni taɓa ruwan buta sai da aka ɗumama mini. Yayana Abdulfatah ya tsaya a kaina yana kallo.

Ya ce, "To Bature, can ma ɗumama muku ake yi?"

Yaya ba ya tambaya don a amsa masa, tun muna yara haka yake.

Da masu zuwa yi mini sannu da zuwa suka ɗan lafa, Inna ta sa aka kira mu ɗakinta, ni da shi. Tana zaune a kan darduma, ta lulluɓe ƙafafunta da bargon da na kawo mata. Ta ce, "Firisila ta aiko."

Sunan kawai na ji, sai ga ƙanshin gwaten acca a hancina. Amma dole in ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane abin da ya sa saƙon tsohuwa ɗaya ya hana gidanmu sakat ba.

A Kabong aka haife mu. Kakanmu ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, Babanmu kuwa, Malam Jika, tela ne, shagonsa a ƙofar gida. Guntuwar katanga ce ta raba mu da gidan Baba Alexander da matarsa Mama Firisila, katangar da ni da ɗansu Fredrick muka mayar hanya har samanta ya yi santsi. In Disamba ta kama, keken Baba ba ya hutawa. Ankon ƙungiyar matan coci ta Zumunta, rigunan mawaƙan coci, wandunan yara, duk a hannunsa suke. Ƙyallen da ya ragu shi yake harhaɗawa ya ɗinka mana riga iri ɗaya ni da Fredrick, mu fita unguwa kamar 'yan biyu, ɗaya ya shiga coci, ɗaya ya zauna a kan dutse yana jiran a tashi.

Ranar Kirsimeti kuwa, tun kafin a tafi coci, Baba Alexander zai leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, mun shirya." Baba ya ajiye almakashi, ya ɗauki wuƙarsa, ya zagaya. Shi yake yanka musu akuyar Kirsimeti duk shekara, don abincin ya shiga kowane gida a layin ba tare da wani ya tsaya tambayar wa ya yanka ba. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka muka tashi muka tarar. Da rana kwanuka su fara tsallake katanga, shinkafa da farfesu da soyayyen nama da cincin. Inna ita ba a kawo mata, da ƙafarta take zuwa, su zauna da Mama Firisila a bakin murhu su ci a kwano ɗaya suna gulmar mazajensu. In Babbar Sallah ta zo, kwanukan su juya su nufi can. Ni dai lokacin yanka ba a ganina, sai an fara suya nake bayyana.

Sai rikicin 2001 ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, kowane ɗan Jos yana da nasa. Gidanmu da shagon Baba sun tafi a ciki. Mu kuma a uwar ɗakin Mama Firisila muka ɓuya har sojoji suka zo suka fitar da mu. Muka koma Unguwar Rogo. Yaya Abdulfatah, da yake lokacin ya zama saurayi, shi ya koma ya ga abin da ya rage, ya dawo ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka Kabong ba.

Zumuncin bai mutu ba, amma ya gurgunce. Duk Sallah Inna tana ware musu naman layya, Fredrick ya zo Farin Gada, inda Yaya ke sarin dankali, ya karɓa. Daga can kuwa sai ɗanyar acca da cincin. Tukunyar Kirsimeti ba ta ƙara zuwa ba, don babu mai yanka. Da farko tsoro ne ya hana Baba zuwa, daga baya ciwon ƙafa, daga nan sai mutuwa. Baba Alexander ma ya rasu. Matan biyu kan haɗu jefi-jefi a asibiti ko wajen ta'aziyya, amma Inna ba ta ƙara zama a bakin murhun nan ba.

Inna ta ce, "Idonta ya kusa tafiya. 'Yarta Yael za ta ɗauke ta zuwa Fatakwal bayan sabuwar shekara, gidan kuma haya za a sa. Ta ce ta yi kiwon taure da hannunta. Tana so in je in ci Kirsimetinta ta ƙarshe a gidan."

Yaya ya ce, "Inna, Allah ya sani ba ni da komai a raina game da Mama Firisila. Amma na rantse."

"Ban ce ka je ba. Labari nake ba ku."

In Inna ta ce labari take bayarwa, to umarni ne. Ta juyo ta dube ni. Ni kuma bakina, da ba ya shawara da ni, ya ce, "Ni zan yanka."

Yaya ya yi dariya har da tari. "Kai, Jabir? Ko kaza ka taɓa yankawa?"

"Yaya, kullum da jini nake aiki."

"A kwalba."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ya yi shekaru yana fama a ƙasar mutane, ya dawo gida a mayar da shi yaron nan mai ɓuya a bayan randa. Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na yi. Da ya ga da gaske nake, ya bar dariya, ya kamo hannuna ya ɗora a wuyansa yana nuna mini, nan maƙogwaro, nan jijiyoyi biyu. Ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, shi Baba ya fi nanatawa. In ka ɗora wuƙa, kada ka ɗaga hannu sai ka gama. In ka ɗaga ka tsaya, an tashi daga yanka, ya zama mushe. Inna ba za ta ci ba."

Na ce na ji. A raina na ce sai ka ce tiyatar zuciya.

Ranar Kirsimeti da sassafe Fredrick ya zo ya ɗauke ni a Farin Gada. Kasuwar ba ta san hutu ba, 'yan dako suna ta sauke kabeji da karas daga manyan motoci, tururi na fita daga bakunansu saboda sanyi. Ina ta dube-duben siririn mutumin da na bari, sai wani mai tumbi da sanƙo ya fito daga mota ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Ya ce, "Oga Kanada. Ina farin da aka ce ana yi a can?"

Na ce, "Kai kuma aikin gwamnati a Kuru ne ya karɓe gashin ya ba ka ciki?"

Muka bi ta Gada Biyu muka shiga Kabong. Ni ban rantse ba, amma tun ranar da aka fitar da mu ni ma ban ƙara shiga ba, kullum sai in ce gobe, har na bar ƙasar. Komai ya ƙanƙance. Dutsen da muke hawa mu yi sulu a kan fasasshiyar jarka, wanda nake ba abokan aikina labarinsa kamar wani tsauni, ashe da kaɗan ya fi motar Fredrick tsawo. Famfon layi yana nan, babu ruwa, kamar yadda muka bar shi. A kwanar da Maman Loyis ke suyar ƙosai muna yara, wata matashiya ce zaune, da irin zamanta da irin ɗaurin kallabinta. Inda gidanmu yake an jera shaguna, ɗaya na cajin waya. Fredrick bai rage gudu a wurin ba, ni ma ban ce ya tsaya ba. Amma guntuwar katangar tana nan, kuma da na gan ta sai da na kawar da fuska. Kewar gida ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba ko a tsakiyar sanyin Kanada, alhali ga ni a wurin.

Mama Firisila tana zaune a ƙofar kicin cikin zanin Zumunta da hular sanyi. Ta tsufa, ta zama 'yar mitsitsiya. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kaina da hannu biyu tana shafa fuskata.

Ta ce, "Jabiru ɗan Rabi. Kunnuwan dai suna nan yadda suke."

Ta tambayi Inna, ta tambayi Yaya da iyalinsa, ba ta ce me ya hana shi zuwa ba. Sannan ta ce, "Ka ga tauren? Dusa da ɓawon dankali na yi ta ɗura masa tun Ista. Kullum sai na gaya masa, ci, kai na Rabi ne."

Taure ne fari mai baƙin kai, ya yi ƙiba har yana sheƙi, an ɗaure shi a bayan gida kusa da tsohuwar akuyar da ta haife shi. Fredrick ya riga ya tona rami a daidai inda Baba ke yanka. Ya kayar da shi a kan gefen hagu, ya juya fuskarsa gabas, ya danne ƙafafun da gwiwa, duk ban ce masa komai ba. Tun yana yaro shi yake riƙe wa Baba. Ya miƙo mini wuƙa, ya ce jiya ya wasa ta.

Na yi bisimilla, na yi kabbara, na ɗora.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ɗumin. Jinin da nake aiki da shi a sanyaye yake zuwa, da lamba a jikin kwalbarsa. Wannan kuwa da zafinsa ya feso mini a hannu, tauren ya zabura, idonsa a cikin nawa. Ban san lokacin da na saki wuƙar ba. Na dai tsinci kaina a tsaye, na ja da baya har na jingina da bango, jiri yana ɗibata.

Fredrick yana cewa, "Jabir, ƙarasa. Jabir, yana shan wahala." Ina jin sa kamar daga cikin rijiya, amma ban bar jikin bangon ba. Da ya ga abin ya yi tsawo, dabba tana ta shure-shure, sai ya ɗauki wuƙar ya ƙarasa da hannunsa.

A cocin da ke bayan layi an fara gwada ganguna.

Kunya ce ta fara zuwa, sai wayo ya biyo bayanta, kamar yadda ya saba. Na dubi hagu na dubi dama. Yaran gidan suna wajen wanka, Yael tana kicin. Na ce, "Fredrick, wa ya gani?"

Ya ci gaba da kallon tauren.

Na ce, "Ni na yi bisimilla, ni na fara. Akwai ma malaman da suka ce yankanku ya halatta a gare mu. Tsofaffin nan sun fi shekara ashirin suna jiran yau. A kan ɗan wannan za mu ɓata musu?"

Ya tsuguna yana goge wuƙar a ciyawa. Na ga alama maganar ta shige shi, don shi ne ya yi ta jigilar dusa daga Kuru, shi kuma ya san yadda uwarsa ta ƙwallafa rai. Can ya ce a hankali, "Inna Rabi malaman nan take bi, ko abin da Malam Jika ya bar ta a kai?"

Sai muka ji ƙarar sanda. Mama Firisila ce ta biyo bango ta zagayo. Ta tsaya ta karkata kai.

Ta ce, "An gama?"

Na ce, "An gama, Mama."

"Na ji Fredrick yana ta kiran sunanka. Malam in yana yanka ba a magana."

Ta juya wajen ɗanta. Fredrick magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yau bai iya yi wa uwarsa ƙarya ba. Ya zayyana mata komai, har da shawarar da na kawo, ɗan banza, ko sakayawa bai yi ba.

Na zaci za ta yi faɗa. Ta dai laluba ta zauna a kan dutse. Ta ce, "Jabiru, uwarka tana cin abinci a hannuna tun kafin a haife ka. Ba ta taɓa tambaya ta mene ne a ciki ba, ko sau ɗaya. To ba yau zan ba ta dalilin tambaya ba. Fredrick, ku babbake wannan, na baƙin coci ne da yara. Ko romonsa kada ya taɓa tukunyar Rabi."

Na ce to bari in ruga kasuwa in sayo nama a wajen mahauta, yankan Musulmi, ba mai cewa komai. Ta ce naman kasuwa ai Rabi tana da shi a ƙofar gidanta, ba sai ta taso ta zo Kabong ba. Ta nuna wajen da tsohuwar akuyar ke kuka da sandarta. Ta ce ga uwar nan, da jikoki ta yi niyyar bar wa, amma a kwanto ta.

Na tattaro ɗan sauran mutuncin da ya rage mini na ce, "Mama, wannan karon zan iya."

Ta ce, "Akuya ɗaya ta rage mini, Jabiru."

Fredrick ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Kira yayanka."

"Mama, ya rantse."

"Na sani. Kira shi dai."

Da a ce in yi wannan kiran gara a ce in koma filin jirgi a ƙasa. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na koma gefe na kira. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Na faɗa masa ban rage komai ba, na tsaya ina jiran dariya. Ba ta zo ba.

Ya ce, "Ka ɗaga hannu."

"Na ɗaga."

"Wa ya sani?"

"Mama Firisila."

"Me ta ce?"

"Ta ce ko romonsa kada ya taɓa tukunyar Inna. Ta ce a yanka uwar, ita kaɗai ta rage mata."

Can ya ce, "Ita ta faɗi haka da bakinta?"

Na ce, "Ita."

Sai ya kashe wayar.

Fredrick ya hura wuta ya shiga babbaka, ƙaurin gashi ya cika gidan. Yael ta shirya yara suka tafi coci. Mama Firisila ta ce ita yau Allah ya san inda take zaune, ta sa na kai mata kujera ƙofar gida, inda rana ta fara sauka. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta yi ta ba ni labarin Baba, yadda yake ƙin karɓar komai in ya yanka sai kofin kunu, da shekarar da ya kwana a kan keke don ya gama rigar auren ƙanwarta. Duk motar da ta wuce sai ta katse magana ta saurara.

Na ce, "Mama, in bai zo ba fa?"

Ta ce, "To sai Rabi ta ci gwate gaya, ni kuma in tafi Fatakwal da abin a raina. Ban taɓa sallamar ta da Kirsimeti babu nama ba."

Ana tsakiyar waƙa a coci sai ga a-kori-kurar Yaya ta shawo kwana, da buhunan dankali a bayanta, Inna a gaba cikin mayafinta na zuwa unguwa. Ya tsaya a bakin titi. Bai kashe inji ba, bai kuma saki sitiyari ba. Idonsa yana kan shagunan nan da aka gina a inda ɗakinsa yake.

Inna ta buɗe ƙofa, ta sauko da ƙafa ɗaya. Na ruga in kama ta, ta ture hannuna. Ta ce, "Ba kai na kira ba. Abdulfatah, ƙafar nan ba ta hawa dutse ita kaɗai."

Ya ce, "Inna, rantsuwa fa."

"Rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da mutum goma, kai da 'yan dako ke ci a rumfarka kullum. Zo ka kama ni."

Ya sake duban shagunan. Sannan ya kashe injin, ya buɗe, ya sauko. Ya zagayo ya riƙe mata hannu, suka hau ɗan tudun nan a hankali, shi yana kallon ƙasa.

Mama Firisila ta miƙe tun kafin su iso. Ta ce, "Rabi, tafiyarki ta yi nauyi."

Inna ta ce, "Ke kuma an ce kin makance, ga shi kina ganin laifi."

Suka riƙe juna a nan ƙofar gida. Ni kam hawaye na yi, ba zan ɓoye ba. Yaya ya durƙusa ya ce, "Mama, barka da Kirsimeti." Ta laluba ta shafa gemunsa, ta ce an gaya mata har ya yi furfura. Ya tashi ya bi bango ya zagaya bayan gida, ba wanda ya nuna masa hanya.

Da wuƙarsa ya zo, a naɗe a tsumma. Ya dubi ramin, ya dubi Fredrick, suka gaisa da hannu. Ni kuwa ya ce mini, "Riƙe ƙafa. Wannan dai ka iya, ko?" Na riƙe, ban kuma rufe ido ba. Ya yi bisimilla, ya yi kabbara, hannunsa bai tashi ba sai da ya gama. Ya zauna a tsugune a bakin ramin har akuyar ta daina motsi, sannan ya ce a ba shi ruwa.

Naman tsohuwar akuya ba ya jin lallashi. Yael ta dawo daga coci ta ɗora shi a tukunya daban, ta yi ta tura itace, bai yarda ya yi laushi ba sai wajen la'asar. Kafin nan gida ya cika ya batse, matan Zumunta da yara masu sababbin kaya suna ta shige da fice, tsofaffin layin suna zuwa gaishe da Inna, wasu na kuka wasu na dariya. Mu muka yi azahar da la'asar a bayan gida, a kan tabarmar da Fredrick ya shimfiɗa mana. Da abinci ya sauka, aka miƙo mana namu. Yaya ya ɗauki kwanonsa ya je ya zauna a kan guntuwar katangar, ya ba shagunan baya.

Su Inna kuwa suna bakin murhu, da kwano ɗaya a tsakaninsu, gwaten acca da farfesu a kai. Na ɗauki waya na lallaɓa don in yi musu hoton da zan tafi da shi. A bakin ƙofa na tsaya. Mama Firisila ce ke laluben nama a cikin kwanon, ta ciro tsoka, ta yi ta yagar ta da yatsu siriri-siriri kamar zare, ta murje, ta tsoma a romo, sannan ta sa wa Inna a tafin hannu. Inna ta kai baki, ta yi ta juya shi, ta yi ta juya shi, da ƙyar ta haɗiye har idonta ya kawo ruwa. Ta sake miƙa hannu.

Ban ɗauki hoton ba. Na koma wajen Yaya na ce, "Me ya sami Inna? Naman ne bai dahu ba?"

Ya ce, "Haƙoranta na ciki sun zube tun bayan rasuwar Baba. Ko naman layyarta ba ta ci, sai dai romo. Kowa ya sani, har Mama Firisila."

Da ya faɗa da ba'a, da na ji sauƙi. Amma a hankali ya faɗa, kamar yadda ake yi wa baƙo bayani. Duk Juma'a ina kiran Inna ta waya ina kallon fuskarta, ta yi mini murmushi, in tambaye ta lafiya ta ce lafiya lau. Ina aiko magani, ina aiko bargo, ban san uwata ta daina tauna nama ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, tun ina yaro nake jin maganar, sai ranar ta yi mini ciwo.

Na ce, "To Yaya, duk wannan wahalar, akuya biyu, ga rantsuwarka, a kan naman da ba za ta iya ci ba?"

Ya dubi ƙofar kicin. Ya ce, "Ga shi kuwa tana ci."

Daga ciki muka jiyo muryar Inna tana cewa, "Firisila, har yau hannunki da nauyi a barkono. Ƙaro mini."